Wayar Hannu Da Mutanen Da Jama'a Ta Ture Gefe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya girmama 'yan Adam, ya kuma suturce aibobin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi waɗansu mutane da ba a cika ambatonsu a filin addini ba sai da la'ana, watau 'yan daudu da masu sauya jinsi, musamman waɗanda talauci ko korar dangi ta jefa cikin karuwanci, da kuma abin da wayar hannu ta zame musu a wannan zamani. Mai yiwuwa wani ya ce maganar ba ta dace da wannan fili ba. To, ya sani littattafan fiƙihu ba su ji kunyar irinta ba. Muhtasar na Shehu Halil, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai daga birnin Kano har Gaya da Ajingi, da mas'alar gadon mata-maza aka rufe shi. Abin da manyan malamai suka zauna suka warware, bai kamata mu kau da kai daga gare shi ba, alhali kuwa akwai rayuka da mutuncin Musulmi a ciki.

Abin da mu ke so mu bayyana shi ne, wayar nan ta zama ƙofar neman halal da tsira ga waɗansu daga cikin mutanen nan, ta kuma zama tarkon da a ke kama waɗansu da shi a cuce su. Wanne daga ciki za ta zama, rabin amsar yana hannunsu, rabi kuwa yana hannunmu, mu sauran masu riƙe da waya.

Bambanta kalmomi

Wajibi ne mu fara da rarrabe kalmomi, gama yawancin zaluncin da a ke yi daga cuɗa su ya ke tasowa. Hunsa a Larabci shi ne wanda mu ke kira mata-maza, wanda aka halitta da alamun jinsi biyu, ko alamunsa suka shige duhu. Wannan ba shi da laifin kome, shari'a ta tsara masa hukuncin sallarsa da gadonsa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a shekarar 1989 cewa ya halatta a yi wa irin wannan magani ko tiyata domin a kawar da rikicin halittarsa, ta kuma hana sauya jinsi ga wanda halittarsa ta cika ba rikici.

Muhannas kuwa shi ne namijin da maganarsa da tafiyarsa da motsinsa suka yi kama da na mata. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kasa shi kashi biyu. Akwai wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi ko zunubi a kansa. Akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne wanda hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Buhari ya yi wa gargaɗi mai tsanani game da maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Karuwanci kuwa wani abu ne daban, haramun ne ga namiji da mace, ba saɓani. Sabo da haka kuskure ne babba a ga mutum mai laushin murya a yanke cewa mazinaci ne.

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin 'yan daudu da sana'ar abinci, a tashoshin mota da kasuwanni da wuraren biki, waɗansu kuma suna yin kawalci a gidajen mata masu zaman kansu ƙarƙashin magajiya. Wani masani ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya wallafa littafi a kansu a 2009 mai suna Allah Made Us, watau Allah ne ya yi mu. A ciki ya nuna cewa da yawansu suna salla da azumi, waɗansu sun yi aikin hajji, waɗansu suna da mata da 'ya'ya. Mu da mu ke zaune tare da su ba mu bukatar baƙo ya gaya mana wannan.

Yadda al'amari ya koma cikin waya

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano, a 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka, a 2014 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya. Gidajen da aka sani a da, da yawa an rufe su, mazaunansu suka watse. Ana cikin haka sai ga wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya intanet ta sauka cikin tafin hannu. Abin da a ke yi a tsakar gidan magajiya sai ya koma cikin Facebook da WhatsApp da TikTok, inda ba mai unguwa, ba maƙwabci, ba kuma wanda zai kawo ɗauki idan an shiga uku.

Kada mutanen karkara su ce wannan matsalar birni ce. Da yawa daga cikin waɗanda ke kwana a tashoshin birane daga ƙauye suka fito. A ƙasar Gaya da Ajingi da Albasu, kamar kowace ƙasa, a kan sami yaro ya tashi da ɗabi'ar mata, tsara su yi ta masa ba'a, uba ya yi ta duka, har ranar da zai hau mota ya bi ta Wudil ya shige Kano ko Abuja, ba sana'a, ba ilmi, ba mai masauki. Yunwa ba ta jiran wa'azi. Wanda ya fara ba shi abinci da wurin kwana, shi ne zai zaɓa masa hanya. Yau kuma wayar da ke aljihun yaron nan ita ce igiyar da ta rage tsakaninsa da garinsu, irinta ce kuma ke hannun ƙannensa a rumfar mai caji a bakin kasuwa, inda za su ga hotonsa ranar da aka tona masa asiri.

Alherin da ke cikinta

Na farko shi ne sana'a. Wanda ya iya dafa abincin biki, ko suyar kaji, ko ɗinki, ko kwalliyar ɗaki, yanzu yana iya nuna aikinsa cikin waya, a yi ciniki, a aiko da kuɗi ta asusu irin na Opay ko Moniepoint, a aika da kaya ta hannun mai babur. Tun ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 har masu ƙananan sana'o'i suka saba da karɓar kuɗi ta waya. Mai saye ɗanɗanon miya ya ke dubawa, bai ga tafiyar mai dafawa ba balle ya yi masa dariya. Wanda kuwa ya sami cinikin da zai ci ya biya haya, ya rabu da bukatar kawali da mai saye da dare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna a hadisin Zubairu ɗan Awwam cikin Buhari cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar, ya kare mutuncinsa, ya fi masa roƙon mutane. Ga mutane da yawa a yau, wayar nan ita ce igiyar itacen.

Na biyu shi ne ilmi. Mutumin da zai ji nauyin shiga zauren malami don tsoron idon almajirai, yana iya sauraron tafsiri da karatun Ahalari da Ishmawi a ɗakinsa, ya kuma aika da tambaya ta saƙon murya ko da bai iya rubutu ba. Malamin da irin wannan tambaya ta zo masa, ya sani amana ce aka ba shi.

Na uku shi ne lafiya. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau kyauta a asibitocin da aka keɓe. Amma kunya da tsoron gori kan hana mutum zuwa gwaji. Ta waya yana iya tambayar ma'aikacin lafiya a asirce, a tuna masa lokacin karɓar magani. Wannan kariya ce gare shi, kariya ce kuma ga matan aure da jarirai da cutar kan isa gare su ta hannun mazan da ke zuwa wurin masu wannan sana'a a ɓoye.

Na huɗu shi ne zumunci. Uwa ba ta daina son ɗanta don gari ya ƙi shi. Kiran da ya ke yi mata, da ɗan abin da ya ke aiko mata, sada zumunci ne da Allah ya yi umurni da shi, sau da yawa kuma ta nan ne hanyar komowa gida ta ke buɗewa.

Sharrin da ke cikinta

A kudancin Nijeriya akwai wata ta'asa da a ke kira kito, wadda gidan rediyon BBC ya yi bincike a kanta a 2023. Mugaye kan yi abota da mutum ta waya da sunan ƙarya, su yaudare shi ya zo wani wuri, su tsare shi, su yi masa duka da tsirara, su ɗauki hotonsa, sa'an nan su ce ko ya biya kuɗi ko su aika wa danginsa. Sun san ba zai kai ƙara ba, domin yana tsoron a fara kama shi. A watan Agusta na 2024 kuma aka tsinci gawar mai shigar matan nan da aka sani a TikTok da laƙabin Abuja Area Mama, a gefen titi a Abuja. Mai laƙabin nan kan ba mabiya labarin zaman karuwanci a titunan birnin da haɗarin da ke cikinsa. Abin baƙin ciki, an sami masu kiran kansu Musulmi da Kirista suna murna da wannan kisa cikin wayoyinsu.

Ya kamata masu murnar nan su ji abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. An kawo wa Annabi wani muhannas da ya yi ƙunshin lalle a hannuwa da ƙafafu. Annabi ya yi umurni a fitar da shi zuwa wani wuri da a ke kira Naƙi'u a wajen Madina. Da aka tambaya ko a kashe shi, sai ya hana, ya bayyana cewa an hana shi kashe masu salla. A lura da abu biyu a nan. Hukuncin shugaba ne ya yanke shi, ba taron jama'a ba. Jinin mutumin kuma ya zauna da alfarmarsa. Haka nan muhannas ɗin da ke shiga ɗakin Ummu Salama, ba a hana shi shiga ba sai ranar da Annabi ya ji shi yana siffanta jikin wata mace 'yar Gailan, lokacin yaƙin Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan hijira. Aikin da ya bayyana daga gare shi aka kama shi da shi.

Hukuncin leƙe da yaɗawa

A Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, Allah Ta'ala ya hana izgili da jifa da munanan laƙabobi, ya hana yawan zato da binciken asirin mutane da giba. A aya ta 6 ya yi umurni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. A Suratun Nur aya ta 19 ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi, duniya da lahira, ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Wanda ya tura hoton tsiraicin wani zuwa waya hamsin da sunan yana yaƙi da ɓarna, shi ne ya kai ɓarnar gida hamsin, har hannun yaran da ba su taɓa sanin akwai irinta ba.

A aya ta 4 ta wannan sura kuma an ajiye bulala 80 ga wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, tare da zubar da shaidarsa. A mazhabar Imamu Malik, jifa da luwaɗi yana cikin wannan hukunci. Rubutu a waya kuwa magana ce, mala'iku suna rubuta shi kamar yadda su ke rubuta furucin baki. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas gargaɗin narkakkiyar dalma a kunne ranar ƙiyama ga mai sauraron zancen mutane alhali suna ƙin ya ji. To, ina ga wanda ya naɗi zancen ya ajiye, yana karɓar kuɗi da shi? Wannan ya haɗa leƙen asiri da ƙwace da cin dukiyar mutane da ƙarya. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ita ma ta haramta yin barazana da tatsar kuɗi ta na'ura, kome laifin wanda a ke yi wa.

Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa labarin Hazzal, mutumin da ya sa Ma'izu ya je ya yi iƙirarin zina. Annabi ya nuna masa cewa da ya lulluɓe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Hadisi na 36 cikin Arba'una ta Nawawi, wadda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, yana koyar da cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a farkon littafinsa Ihya'us Sunna, ya bayyana cewa nufinsa raya sunna ne da kashe bidi'a, ba keta mutuncin mutane da bin aibobinsu ba. Wanda ya yi jihadi ke nan.

Har ma'aikacin hisba yana da iyaka. Imamu Mawardi cikin Ahkamus Sulɗaniyya da Imamu Gazali cikin Ihya'u sun shar'anta cewa abin ƙin da za a hana ya zama bayyananne, ba wanda aka tono ta hanyar leƙe ba. Mawardi ya keɓe inda amintacce ya ba da labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. A Kano an ga misalin hanya mai kyau a watan Nuwamba na 2023, sa'ad da Hukumar Hisba ƙarƙashin Shehu Aminu Daurawa ta gayyaci masu wasa a TikTok ta zauna da su, ta yi musu nasiha da tayin taimako. A ƙarshen Fabrairu na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda ya ga ana jefa waɗanda aka kama cikin mota. Saɓanin da ya biyo baya an sasanta shi cikin 'yan kwanaki, amma darasin ya zauna: hana ɓarna wajibi ne, kiyaye mutuncin wanda aka kama shi ma wajibi ne.

Nasiha ga su kansu

Ku kuma 'yan'uwa da wannan magana ta shafa, idan ta iso gare ku, ku sani ƙofar Allah ba ta rufe ba. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wata karuwa daga Banu Isra'ila da ta ga kare yana zagaya rijiya ƙishirwa za ta kashe shi, ta cire takalminta ta ɗebo masa ruwa, Allah ya gafarta mata sabo da haka. Kada ku bar salla don wani ya ce ba a karɓar taku, gama karɓa ba a hannunsa ta ke ba.

Sai dai ku kiyayi tona wa kanku asiri. Hadisi ya inganta cewa ana yafe wa al'umma duka sai masu bayyana saɓonsu, waɗanda Allah ya rufa musu asiri da dare su wayi gari suna ba da labari. Hoton da aka sa a intanet ba ya gogewa, yana iya tare muku hanya ranar da kuka so komowa. Kada ku aika wa wanda ba ku sani ba hotonku, kada ku amsa gayyatar baƙo zuwa inda ba kowa, ku riƙa sanar da amintacce inda kuka nufa. Ku mai da wayar nan jarin sana'a.

Abin da ya wajaba a kanmu

Aya ta 33 ta Suratun Nur ta sauka ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito, a kan Abdullahi ɗan Ubayyu da ke tilasta wa kuyanginsa karuwanci don ya ci kuɗin. Ayar ta ɗora laifin a kan mai tilastawa, ta yi wa waɗanda aka tilasta bushara da gafara. Sai mu tambayi kanmu, uban da ya kori ɗansa ba ko sisi, da mai gidan da ya ƙi ɗaukar mai tuba aiki, da mai kuɗin da ke neman su da dare ya zage su da rana, wane kaso su ke da shi a cikin zunubin?

Sabo da haka iyaye su riƙe 'ya'yansu, su yi musu tarbiyya da haƙuri, su koya musu sana'a, gama kora ba ta taɓa gyara yaro ba. Limamai da dagatai da masu unguwanni a masarautar Gaya da sauran wurare su hana yara bin mutum da ihu da jifa. Mawadata su tuna cewa matalaucin da ke son barin haram yana cikin masu haƙƙi a zakka, kuma tukunya da buhun shinkafa da ƙaramar waya sun isa su fara canja rayuwar mutum. Malamin da ya shiryar da mai kisan mutum ɗari, a hadisin Buhari da Muslim, bai tsaya ga ce masa ya tuba ba, sai da ya nuna masa garin mutanen kirki da zai koma. Mai tuba yana bukatar inda zai sa ƙafa.

Kai kuma mai karatu, idan irin hoton nan ya faɗo cikin wayarka, goge shi, ka yi wa wanda ya aiko nasiha. Lokacin da sahabbai suka yi wa wani mashayi mugun baki bayan an yi masa haddi, Annabi ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu, yatsan da ke danna waya kuwa yana cikin gaɓoɓin da za su ba da shaida.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya shiryi 'ya'yanmu, ya wadata mu da halal ga barin haram, ya karɓi tubanmu baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.